Ban Taɓa Kiran Sunansa Ba

Ɗana na fari ya kai shekara huɗu da rabi ban taɓa kiran sunansa ba. Ba mantuwa ba ce, ba kuma ƙiyayya ba. Kunya ce, irin wadda aka raine mu da ita. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta cilla shi sama tana dariya. In za ta ba shi nono sai ta juya wa jama'a baya, ta ɗaure fuska kamar an sa ta dole. In ya zama tilas ta ambace shi sai ta ce "yaron nan" ko "wancan". Kowa ya san wannan, kowa kuma yana yi daidai gwargwado. Ni ce na ɗauki abin na kai shi inda ko waɗanda suka koya mini ba su kai shi ba.

Ni 'yar Dutsi ce, aure ya kawo ni cikin birnin Daura, gidan masu fataucin dabbobi. Ni ma 'yar fari ce, kuma har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa ganin laifinta ba. Maigidana ba mazauni ba ne: yau yana kasuwar Mai'aduwa, gobe Mashi, jibi ya tsallaka ta Kwangwalam ya yi kwanaki. Don haka zamana da mata biyu ne. Akwai surukata, wadda duk gidan muke ce wa Inna, sai faccalata, matar yayan maigidana, mace mai bakin tsiya da ba ta ganin abu ta ƙyale. Sana'ata ɗinkin hula, kullum kaina a sunkuye, allura a hannu.

Tun ranar suna mata suka fara yabona. "Kai, yarinyar nan akwai kunya! Ko kallon jaririn ba ta yi." Wallahi daɗin maganar nan na ji har cikin raina. Ba ni da kyan da za a yi zance, ba ni da kayan ɗaki na a zo a gani, amma ga abu ɗaya da na fi kowace amarya a unguwar. Na riƙe shi gam.

A lokacin Shari'a ta yi shekaru da kafuwa, kowace unguwa da Islamiyyar matan aure, ni ma ina zuwa bayan la'asar. Malamarmu ta sha faɗa mana cewa kunyar ɗan fari ba ta cikin addini, yaro yana da haƙƙin uwarsa ta sake masa fuska, ta rungume shi. A raina nakan ce, "Ke dai faɗi naki." Hijabi na ɗauka, gyaran salla na ɗauka, wannan ɗaya kuwa na bar mata abinta a kan allo.

Yaron kuma sai ya zo mini daidai da abin da nake so. Ba ya bina da kuka, ba ya riƙe mini zane, ba ya miƙo hannu in ɗauke shi. In ka ba shi murfin kwano shi ke nan, zai wuni yana juya shi a kan siminti, yana kallo har ya tsaya, ya sake juyawa. Ko ya kwashe mini ƙwaryar zare ya jera su layi ɗaya, in ka taɓa guda ya fasa ihu kamar an yanka shi. In aka fara daka sai ya toshe kunnuwa ya shige bayan randa. Ni duk ban ga komai ba. Ta yaya zan gani, alhali idona ba ya kansa? Har alfahari nake yi wai ya gado kunyata.

Inna ce ta fara magana. Ita kaka ce, tsakaninta da jika sai wasa, tana ce masa angonta, tana tsokanarsa wai ya kawo kuɗin cefane. Ran nan ta ajiye carbinta ta ce mini, "Ke 'yar nan, angon nan nawa ba ya kallon mutum. Ina yi masa magana, yana kallon bango."

Na ce, "Miskilanci ne, Inna."

Faccalata ta ce kurma ne. Amma wane irin kurma ne zai ji motsin ledar dabino daga zaure? Sai aka koma cewa shafar aljanu ce. An yi rubutu, an yi tofi, an kawo mai ruƙya ya yi karatu a kansa har muryarsa ta dushe, yaro yana ta juya murfinsa. Da Inna ta ga wata shida sun wuce babu ko "Baba" a bakinsa, sai ta tsare ɗanta a zaure ta ce a kai shi asibiti, ba shawara take ba shi ba.

Likita ya duba kunnuwa ya ce lafiya lau suke. Ya tura ni wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, wajen wata malamar asibiti da aka ce ta yi karatu na musamman a kan yara irin nawa. Mace ce mai matsakaicin shekaru, hijabinta har ƙasa, Bahaushiya kamar ni. Ba kujera ta ba ni ba, tabarma ta shimfiɗa muka zauna. Ta ɗan jima tana kallon yaron, sannan ta ɗauki biro ta yi mini tambayar farko.

"Maman yaro, idan kin kira sunansa yana waiwayowa?"

Na sunkuyar da kai. Ta ɗauka ban ji ba, ta maimaita. Na dubi tabarma, na dubi ƙofa. Can na ce, "Ɗan fari ne."

Ta ajiye biron a hankali ta ce, "Ayya." Ba ta yi dariya ba, ba ta yi mini faɗa ba. Da ma faɗan ta yi, da na sami abin kamawa in yi fushi in tafi. Cewa ta yi, "To wa yake kiran sa a gida? Wa yake wasa da shi?"

Na ce, "Kakarsa."

"Madalla. Ranar Laraba ki zo mini da ita."

Kafin in tashi ta yi mini bayani. Ta ce abin da ke damunsa yana da suna, da Turanci otizim ake ce masa. Ba aljani ba ne, ba baki ba ne, ba kuma kunyata ce ta jawo shi ba, haka Allah ya halicce shi. Wannan ta nanata mini har sau biyu. Ta ce babu allura, babu ƙwaya. Maganin shi ne a shiga duniyarsa da wasa, a koya masa kallon fuska da amsa kira da neman abu a wajen mutum. Ta ce kuma yanzu ne lokacin, tun yana ɗanye kamar yumɓun da bai bushe ba, don abin da zai kama a wata ɗaya yanzu, nan gaba sai ya ci shekara.

Ranar Laraba muka koma da Inna. Malamar ta nuna mana wata takarda da aka ba su a wajen karatu, da hoton wata Baturiya kwance rub da ciki a tsakar ɗaki, hancinta a kan hancin ɗanta, kayan wasa zube ko'ina. Inna ta riƙe baki ta ce, "Tabɗi! Uwar ce wannan?" Malamar ta yi dariya ta ninke takardar ta ce, "Wannan nasu ne, Hajiya. Mu da abin da muke da shi a gida za mu yi."

Ta kuwa zo har gidanmu ta duba abin da muke da shi. Ta ce kada a ƙwace masa murfin kwano, a nemo wani murfin, Inna ta zauna gabansa ta riƙa juya nata. In za a ba shi dabino, kada a danƙa masa kawai, a ɗaga shi kusa da ido, a jira, ko da ƙiftawa ɗaya ya kalli fuska sai a ba shi, a yi murna sosai. Inna ta rufe fuskarta da mayafi ta buɗe, ta yi masa cakulkuli ta tsaya cak, ta jira ya nemi ƙari. A kira sunansa sau ɗaya, daga kusa, suna guda kowa da kowa, ban da "kai" da "wancan". In za a yi daka a fara nuna masa taɓarya, kada ƙarar ta zo masa ba zato. Babu abin da ta ce a sayo, ko na sisi.

Da ta gama da Inna sai ta juyo kaina. Ta rage murya ta ce, "Ke kuma ban ce ki yi a tsakar gida ba, na san abin da ke nan. Ki shiga ɗakinki ki sauke labule, daga ke sai shi sai Allah. Kaɗan da hantsi, kaɗan da la'asar. Ki durƙusa daidai tsayinsa ki kira sunansa. Dole ya san muryar fiye da mutum ɗaya, kuma taki ce ta fi muhimmanci."

Inna tana ji. Ta ce, "Ke 'yar nan, in don ni kike kunyar, na ɗauke miki. Ki kira ɗanki." Maigidana ma da ya dawo daga kasuwa aka gaya masa, ya ce, "Ki yi abin da aka ce mana." Na harare shi na ce, "Kai da ba ka kwana uku a gida, kai ne za ka koya mini raino?" Ya girgiza kai ya fita.

Kun ga dai babu wanda ya hana ni. An buɗe mini ƙofa, an share mini hanya, har labule aka ba ni in ɓuya a bayansa. Wannan shi ne abin da ba na iya yafe wa kaina.

Sau ɗaya na gwada. Da hantsi ne, na ja shi ɗaki na sauke labule, na durƙusa a gabansa da ƙwayar dabino a hannu. Ranar na fara ganin cewa yana da ɗan tabo a ƙarƙashin gira, ban san ma yaushe ya ji ciwon ba. Na buɗe baki, sunan yana kan harshena, sai na ji muryar faccalata daga tsakar gida.

"A'a! Lafiya aka sauke labule da hantsi? Ko soyayya ake yi da ɗan fari? Ina mai kunyar Dutsi ta shiga?"

Ta kwashe da dariya. Wasa take yi, na sani, halinta ne. Amma ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na yi zumbur na miƙe, na tura yaron waje, na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Fitar mini daga ɗaki, kaya nake canzawa!" Dabinon ma ban ba shi ba, a hannuna ya dame. Daga ranar ban ƙara sauke labulen nan ba.

Duk wata muna komawa wajen malamar, duk wata tana tambayata, "Ana yi kuwa?" Ni kuma in ce, "Ana yi, Malama." Ƙarya tsagwaronta, da hijabina da komai. A wata na huɗu ta ce, "To kira shi in gani." Na ce yau ba ya jin daɗi, jiya bai yi barci ba. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta sa Inna ta fita da yaron baranda. Ta ce, "'Yar'uwa, zan gaya miki gaskiya ko da za ki ji haushina. Tsohuwar nan tana ƙoƙari, amma ba za ta dawwama ba. Ranar da babu ita, wa zai kira shi ya amsa?"

Haushin kuwa na ji. Na ce, "Mutuwa kike yi wa surukata fata? Ke ce mai rayawa?" Na figi jakata na fita ko sallama babu. Daga nan na daina zuwa, Inna ce take ɗaukar sa su hau a-daidaita-sahu su je su dawo, ita da gwiwoyinta masu ciwo.

Aikin Inna kuwa ya yi albarka. Tsohuwa mai shekaru, da ƙyar take durƙusawa, amma kullum tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana juya murfin kwano kamar yarinya. Wata biyar ana haka, ran nan da safe ta kira sunansa daga ƙofar ɗakinta, yana bakin rijiya, sai ya waiwaya. Ya waiwaya ya dube ta ido cikin ido! Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko haihuwa aka yi. Ina zaune a inuwa da hulata. Zuciyata kamar ta fashe don murna, ga kuma wani kishi mai ɗaci. Ban ɗaga kai ba. Allura ta soke ni, na tsotse jinin, na ci gaba da ɗinki.

Bayan nan abubuwa suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya fara jan hannunta ya kai ta bakin randa. Ya fara nuna abu da yatsa. Yana da shekara huɗu ya ce "ruwa", bayan nan ya ce "ba ni", sannan ya ce "Inna". Ni ba shi da abin da yake ce mini. In yana son abu kuma Inna tana salla, sai ya tsaya a bayanta ya jira ta sallame, ina zaune taku uku daga inda yake. Nakan ce a raina ai ga shi yana samun sauƙi, me ya rage? In ya ƙara girma na fara. In faccalata ta yi tafiya na fara. Bayan salla na fara. Haka shekara biyu ta wuce.

Da damina Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne kamar wasa, kwana uku kacal. A rana ta biyu ina ba ta kunu ta riƙe mini hannu ta ce, "Ke 'yar nan, ki kira shi. Tun ina ji." Yaron yana bakin ƙofa da murfinsa. Ɗakin cike da 'yan dubiya, dangin maigidana ne duk. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Inna, an jima." Washegari bayan azahar ta cika.

Kwana bakwai gidan yana cike da masu gaisuwa, ba wanda ya lura da shi sosai. Ya koma ƙofar ɗakinta ya zauna, daidai inda tabarmarta take. Kalmomin nan uku suka ɗauke ɗif. In an miƙa masa abinci sai ya kau da kai, in an matsa ya toshe kunnuwa. Ban da ruwa da ɗan abin da ake ɗura masa da ƙyar, ba abin da ke shiga cikinsa. Wuyansa ya zama siriri, idanunsa suka faɗa.

A rana ta takwas baƙi suka watse. Da safe na dama koko na sayo ƙosai, na zo na tsaya a gefensa da kofi a hannu. Faccalata tana wanke-wanke a bakin rijiya, tana kallona, ban damu ba. Na ajiye kofin, na durƙusa kamar yadda aka koya mini tun shekara biyu da suka wuce. Na kira sunansa.

Sunan ya fito mini wani iri, kamar ba ni na haife shi ba. Amma ya ji. Murfin ya faɗi daga hannunsa, ya ɗaga kai da sauri, fuskarsa ta washe, irin washewar da ban taɓa gani daga kusa ba. Ya miƙe. Ban san sa'ad da na buɗe hannuwana ba.

Bai juyo ba. Ɗakin Inna ya faɗa da gudu. Ya yaye labule, ya duba kan gado, ya leƙa bayan ƙofa, ya ɗaga sallayarta da ke ninke a kan akwati. A saninsa, duk duniya daga ɗakin nan kaɗai ake kiran sunan nan. Ya daɗe a ciki, sannan ya fito, ya wuce ni kamar an kafa turmi a wurin, ya koma ya zauna ya ɗauki murfinsa.

Wayyo Allah! Ko ranar da aka fita da Inna ban yi kukan da na yi a safiyar nan ba. Faccalata ta bar kwanukan ta zo ta durƙusa kusa da ni, hannunta duk kumfa, tana cewa, "Ki yafe mini, wallahi wasa nake yi." Na ce mata ba ita ba ce. Ita sau ɗaya ta yi dariya, ni kuwa shekara biyu ina zaɓen yabon mutane a kan ɗana.

A makon nan na koma asibiti na sami malamar. Na ce, "Malama, ƙarya na yi ta yi miki, ban taɓa yi ba." Ta ce, "Na sani. Zauna." Ta shimfiɗa tabarma muka fara daga farko, daga dabino da mayafi. Abin da Inna ta samu a wata biyar, ni sai da na yi fiye da shekara kafin in samu. Ko jinkirina ne ya jawo, ko rashin Inna ne, malamar ta ce ba wanda zai iya sani, in daina tuhumar kaina. Ita ke nan da faɗa, ni na san abin da na yi.

Yanzu ya zama saurayi, ya fi ni tsawo. Yana magana daidai gwargwado, yana taya babansa ba dabbobi dusa, kuma ba wanda ya kai shi sanin wadda ba ta da lafiya a cikinsu. Sunansa kuwa ina kiransa a tsakar gida, ina kiransa a zaure, ina kiransa a gaban surukai da baƙi, wanda zai yi gulma ya yi. Yana amsawa. Ɗakin Inna ya daɗe da zama wurin ajiye buhunan dusa, ko labule babu. Amma har yau, in na kira shi, sai ya fara duban ƙofar nan kafin ya dube ni.